TARIHI: Edsger Dijkstra, Malamin Da Ya Koya Wa Kwamfuta Bin Layi

A shekarar 1957 wani matashi ya je ofishin hukumar birnin Amsterdam na ƙasar Holan domin rajistar aurensa. Da aka zo gurbin da ake rubuta sana'ar ango, sai ya ce shi mai rubuta wa kwamfuta umarni ne. Jami'an ofishin suka ƙi karɓa, bisa hujjar cewa babu wata sana'a mai wannan suna. Haka aka rubuta a takardar auren cewa shi masanin fiziks ne, fannin da ya karanta a jami'a amma ya riga ya yanke shawarar bari. Sunan matashin Edsger Wybe Dijkstra, ana furta shi kusa da Daikstira. Shekara 15 bayan haka aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ta fi kowace daraja a wannan sana'ar da aka ce babu ita.

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta sun fi sanin sunansa ta dalilin dabarar gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu. Sai dai aikinsa da ya fi shiga rayuwar mai karatu yana ɓoye ne cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, irin su Windows, Linux, Android da iOS. Wayar da ke hannun mutum tana karɓar saƙon WhatsApp, tana kunna karatu ko waƙa, tana neman sabis, tana lura da batiri, duk a lokaci guda kamar yadda ake gani. Yadda waɗannan ayyuka suke rabon ƙwaƙwalwa ɗaya da ma'ajiya ɗaya ba tare da sun tattake juna ba, tambaya ce da Dijkstra ya shafe fiye da shekara goma yana fama da ita, kuma har yau da kalmominsa da misalansa ake koyar da amsarta.

Daga Rotterdam zuwa Amsterdam

An haife shi ranar 11 ga Mayu, 1930 a birnin Rotterdam, na uku cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa malamin kemistiri ne a makarantar sakandare, ya kuma taɓa shugabantar ƙungiyar masana kemistiri ta ƙasar. Mahaifiyarsa masaniyar lissafi ce da ba ta taɓa riƙe aikin albashi ba, amma ita ya riƙa ambata daga baya a matsayin wadda ta cusa masa son taƙaitacciyar hujja mai tsafta. Kwana uku bayan ya cika shekara goma, ranar 14 ga Mayu, 1940, jiragen yaƙin Jamus suka ragargaza tsakiyar Rotterdam. Ƙuruciyarsa ta kare ne a ƙarƙashin mamaya.

Da ya gama sakandare a 1948 burinsa shi ne ya karanta shari'a, ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sakamakonsa a lissafi da kimiyya ya sa aka karkatar da shi, ya tafi Jami'ar Leiden ya karanta lissafi da fiziks. A 1951 ya halarci wani kwas na mako uku a Cambridge ta Ingila kan yadda ake rubuta umarni wa kwamfutar EDSAC. A watan Maris na 1952 Cibiyar Lissafi ta Amsterdam ta ɗauke shi aiki a ƙarƙashin Adriaan van Wijngaarden, ya zama mutum na farko a Holan da aka ɗauka takanas domin rubuta manhaja.

Yanayin aikin ya bar masa ɗabi'ar da bai rabu da ita ba har mutuwa. Injiniyoyi biyu, Bram Loopstra da Carel Scholten, su ke ƙera na'urorin cibiyar, shi kuma yana rubuta musu manhaja tun kafin a gama haɗa su. Sai su zauna su uku su rubuta dalla-dalla abin da na'urar za ta yi, wannan takarda ta zama yarjejeniya a tsakaninsu, kowa ya tafi ya yi nasa. Wanda ke rubuta umarni wa na'urar da ba ta wanzu ba tukuna ba shi da damar gwadawa ya gani. Dole ya tabbatar wa kansa a kan takarda cewa abin da ya rubuta daidai ne.

Duk da haka ya daɗe yana kokwanto ko wannan aiki ya cancanci mutum ya ba shi rayuwarsa, ganin babu wani ginshiƙin ilimi a ƙarƙashinsa kamar na fiziks. Ya kai wa van Wijngaarden damuwarsa, shi kuwa ya nuna masa cewa kwamfuta ta zo ke nan, kuma ƙila yana cikin waɗanda za su mayar da aikin fanni mai mutunci. Ya kammala digirin fiziks a 1956 domin cika ƙa'ida, ya juya masa baya.

A wannan shekarar ce aka nemi ya shirya wani abin nuni da jama'a za su fahimta a bikin ƙaddamar da kwamfutar ARMAC. Ya zaɓi taswirar garuruwa 64 na Holan, da tambayar wace hanya ta fi kusa daga Rotterdam zuwa Groningen. Kamar yadda ya ba da labari da kansa, a cikin kusan minti 20 ya tsara dabarar, yana zaune shan kofi tare da budurwarsa bayan sun gaji da sayayya, ba biro ba takarda. Sai 1959 ya wallafa ta. Yau na'urorin da ke zaɓar wa bayanai hanya a intanet suna aiki da ita. A 1960 kuma shi da Jaap Zonneveld suka kammala manhajar farko da ke yi wa harshen ALGOL 60 tafinta zuwa harshen na'ura. Sun yi alkawarin ba za su aske gemu ba sai sun gama. Zonneveld ya aske nasa, Dijkstra ya bar nasa har ƙarshen rayuwa.

Siginar da ta tsorata shi

Kwamfutocin farko aiki ɗaya suke yi daga fari har ƙarshe. Idan aikin ya buƙaci a karanta bayani daga tef na takarda ko a buga sakamako, furosesa, wato sashen da ke aiwatar da umarni, sai ta tsaya cak tana jiran waɗannan na'urori masu nawa. Na'urar da aka kashe maƙudan kuɗi a kanta sai ta ɓata mafi yawan lokacinta a zaune. Maganin da injiniyoyi suka fito da shi shi ne siginar katsewa: furosesa ta ci gaba da wani aikin, idan firinta ko mai karanta tef ya gama nasa sai ya aiko da sigina, ta dakata, ta kula da shi, ta koma inda ta tsaya.

Loopstra da Scholten suka ba da shawarar sanya wannan tsari a kwamfutar X1 ta kamfanin Electrologica. Dijkstra ya rubuta daga baya cewa shawarar ta firgita shi, kuma tsoron nasa yana da tushe. Kafin zuwan siginar katsewa, idan manhaja ta yi kuskure, za a sake kunna ta da bayanai iri ɗaya ta maimaita kuskuren a wuri ɗaya, a kama shi. Da siginar da za ta iya faɗowa tsakanin kowane umarni biyu, kuskure yana iya bayyana sau ɗaya cikin gwaji dubbai, ya ɓace, ya ƙi dawowa sai ranar da ba a shirya masa ba. Gwaji ba ya kama irin wannan. Ya dai karɓi aikin, ya rubuta manhajar da ke kula da katsewar, kuma a kanta ya gina kundin digirinsa na uku da Jami'ar Amsterdam ta karɓa a 1959.

A nan ya kamata a tsaya a duba abin da babbar manhaja take yi a yau, domin a ga gurbin da ya cike. Manhajar da ke ajiye a waya ko kwamfuta rubutu ce kawai, kamar littafin girki a kan kanta. Idan aka kunna ta sai ta zama aiki mai gudana, kuma babbar manhaja tana buɗe wa kowane irin wannan aiki fayil nasa a cikin wani tebur da take riƙe da shi. A fayil ɗin akwai lambar shaidar aikin, da mai shi, da ɓangaren ma'ajiyar da aka ba shi, da takardun da ya buɗe, da muhimmancinsa idan an gwama da sauran, da kuma umarnin da ya tsaya a kai. Wanda ya taɓa buɗe Task Manager a Windows ya leƙa wani sashe na wannan tebur ne.

Kowane aiki yana cikin ɗaya daga manyan halaye uku: ko yana kan furosesa ana aiwatar da shi, ko ya shirya yana layi, ko yana barci har sai wani abu da yake jira ya iso. Agogon cikin na'ura yana aiko da siginar katsewa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Idan wa'adin aikin da ke kan furosesa ya cika, babbar manhaja ta kwashe duk abin da yake riƙe da shi ta adana a fayil ɗinsa, ta ɗauko na wanda ke biye a layi ta ɗora, ya ci gaba kamar ba a taɓa tsayar da shi ba. Saurin wannan musanya shi ke sa mutum ya ɗauka komai tare yake tafiya.

Ba Dijkstra kaɗai ya gina wannan tsari ba. A Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, Fernando Corbató da tawagarsa sun nuna tsarin rabon lokaci na CTSS a 1961, haka nan a Manchester ta Ingila an ƙaddamar da kwamfutar Atlas da babbar manhajarta a 1962. Abin da ya kawo shi ne hanyar tunani. Ya ce a ɗauki kowane aiki a matsayin jerin matakai masu bin juna, a kuma haramta wa kai yin kowane zato game da saurin wani aiki idan an kwatanta da wani. Duk tsarin da ingancinsa ya rataya a kan cewa wannan zai riga wancan gamawa, a wurinsa karyayye ne tun kafin a kunna shi.

Rige-rige da cirko-cirko

A 1962 ya koma Babbar Makarantar Fasaha ta Eindhoven a matsayin farfesan lissafi, a nan ya tunkari matsalar gadan-gadan. Ga misalinta. A ce akwai naira 50,000 a wani asusu, sai buƙatu biyu na cire naira 40,000 suka iso kusan tare, ɗaya daga na'urar ATM, ɗaya ta waya. Aiki na farko ya karanta abin da ke asusun, ya ga 50,000, ya amince. Kafin ya rubuta ragowar sai aka katse shi, aka ɗora na biyu. Shi ma ya karanta, ya ga 50,000, ya amince, ya rubuta 10,000. Na farko ya dawo ya rubuta 10,000. An fitar da 80,000, littafi kuma yana nuna saura 10,000. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu. Rige-rigen shiga wuri ɗaya ne ya jawo asarar.

Abin da ake buƙata shi ne tabbacin cewa aiki ɗaya tak ke shiga irin wannan ƙuntataccen wuri a kowane lokaci. Wani masanin lissafi ɗan Holan, Theodorus Dekker, shi ya fara warware matsalar ga ayyuka biyu, kuma Dijkstra bai ɓoye wannan ba a rubuce-rubucensa. A watan Satumba na 1965 ya wallafa maƙala mai shafi ɗaya a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, wadda ta faɗaɗa maganin zuwa ayyuka ko nawa ne. Masana da dama suna lissafa wannan shafi a matsayin mafarin nazarin ayyuka masu tafiya tare. Amma maganin yana da aibi: aikin da ke jira yana ta zagaye yana duba ko ƙofa ta buɗe, yana cin lokacin furosesa a banza.

Domin kawar da wannan ya ƙirƙiro abin da ya kira simafo, sunan da ya aro daga siginar da ke tsayar da jirgin ƙasa kafin ya hau layin dogo da wani jirgin ke kai. Simafo lamba ce kawai da layin jira a bayanta, kuma hanyoyi biyu kaɗai ake taɓa ta, waɗanda ya sa wa suna P da V daga kalmomin harshensu. Aikin da ke son shiga yana yin P: idan lambar ta fi sifili a rage ɗaya ya wuce, idan sifili ce a kwantar da shi barci a layi. Wanda ya gama yana yin V: a ƙara ɗaya, ko a tashi ɗaya daga masu barci. Sharaɗin shi ne babu siginar da za ta iya raba P ko V gida biyu. Idan aka fara da lamba 1, an samu ƙofar da mutum ɗaya ke shiga. Idan aka fara da 3, an samu mai gadin firinta uku. Da wannan ɗan abu jira ya tashi daga wahalar da kowane mai rubuta manhaja zai yi wa kansa dabara, ya koma hannun babbar manhaja, wadda ta san wanda ke barci da abin da yake jira.

Sai wata matsalar ta ɓullo daga cikin maganin. Aiki na farko ya kama firinta yana jiran mai karanta tef, na biyu ya kama mai karanta tef yana jiran firinta. Babu mai saki, babu mai ci gaba, an yi cirko-cirko. Dijkstra ya kira wannan hali rungumar ajali. Ya kuma mayar da shi tambayar jarrabawa ga ɗalibansa a 1965, a siffar kwamfutoci biyar masu rabon na'urorin tef, wadda Tony Hoare ɗan Ingila ya taimaka ta shahara da sunan masana falsafa masu cin abinci. Mutum biyar a zagaye da tebur, taliya a gaban kowa, cokula masu yatsu biyar, kowa kuma sai da biyu yake iya ci. Mai karatu zai ce ai ko da hannu a ci taliya, to amma ƙa'idar wasan ke nan. Idan kowa ya ɗauki na hagunsa a lokaci guda, duk sun zauna da yunwa har abada. Ko an kauce wa wannan, maƙwabta biyu suna iya yin ta karɓa-karɓa su bar na tsakiyarsu bai taɓa samu ba, wanda shi ma zalunci ne da tsari mai kyau ya kamata ya hana.

Ya ba da wata hanyar kauce wa cirko-cirko da ya kira dabarar ma'aikacin banki. Kowane aiki zai faɗi tun farko iyakar abin da zai iya nema, kuma ba za a ba shi komai ba sai an tabbatar cewa bayan an ba shi akwai sauran jerin da kowa zai iya gamawa ya mayar da abin da ya ara. A kan allo dabarar ba ta da makusa. A aikace kuwa manhajojin waya da kwamfuta ba su san iyakar buƙatarsu tun farko ba, shi ya sa manyan manhajojin da jama'a ke amfani da su ba sa bin ta. Sun gwammace su rage yiwuwar matsalar, idan ta auku a kashe aikin da ya maƙale. Duk waɗannan ya tattara su a wani dogon darasi na 1965 kan ayyuka masu haɗa kai, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan Per Brinch Hansen ɗan Denmark lokacin da yake gina babbar manhajar kwamfutar RC 4000.

Bene mai hawa shida

Gwajin gaskiya ya zo ne da makarantar ta sayi kwamfutar Electrologica X8. Babbar ma'ajiyarta tana ɗaukar kalmomi 32,768 masu bit 27 kowace, kimanin kilobait 110, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar zamani ba, sai wata gangar maganaɗisu mai ninkin haka sau 16. Shi da abokan aiki biyar, ciki har da Nico Habermann, waɗanda duk rabin lokacinsu kawai suke iya ba aikin, suka gina mata babbar manhaja mai suna THE, daga haruffan farko na sunan makarantar a harshen Holan.

Sun tsara ta kamar bene. Hawa na ƙasa, mai lamba 0, shi kaɗai ya san da siginar katsewa da agogo, shi ke raba furosesa, shi ke riƙe da simafo. Daga nan zuwa sama babu wanda ya damu da furosesa nawa ake da su ko yaushe za a katse shi; kowane aiki yana ganin kamar shi kaɗai ke tafiya. Hawa na 1 yana kula da kai-komon bayanai tsakanin ma'ajiya da ganga, ta yadda na sama ba su san inda shafinsu yake kwance ba. Na 2 yana raba allon magana da mai kula da na'ura, na 3 yana kula da na'urorin shigarwa da fitarwa, na 4 manhajojin masu amfani, na 5 kuma ɗan Adam ne da ke zaune gaban na'urar. Kowane hawa yana dogara ne da na ƙarƙashinsa kaɗai, don haka ana iya tabbatar da ingancinsa kafin a ɗora na gaba.

Ya gabatar da aikin a wani taro a Gatlinburg ta jihar Tennessee a watan Oktoba na 1967, aka buga shi a watan Mayu na 1968. A ciki ya ba da rahoton cewa kurakuran da gwaji ya tono ƙananan tuntuɓen rubutu ne, kusan ɗaya cikin kowane umarni 500, kowanne kuma an gano shi cikin minti goma. Ya dace a riƙa tuna cewa shi ne mai aikin kuma shi ne mai ba da shaida, tsarin kuma ƙarami ne da bai fita daga irin na'urar da aka gina shi dominta ba. Kamfanin Electrologica ma Philips ya haɗiye shi ba da daɗewa ba. THE ba ta yi kasuwa ba, tsarin hawa-hawan ne ya yaɗu.

A gida kuwa bai ga sakayya ba. Sashen lissafi na Eindhoven bai ɗauki kimiyyar kwamfuta a matsayin aikinsa ba, aka wargaza tawagar da ya haɗa, Habermann ya tafi Amurka. Dijkstra ya rubuta da kansa cewa ya faɗa cikin matsananciyar damuwa a 1968. A wannan shekarar ce kuma wata gajeriyar wasiƙarsa ta tayar da ƙura, inda ya soki umarnin goto mai sa manhaja tsalle daga wani layi zuwa wani ba ƙa'ida. Editan mujallar, Niklaus Wirth, shi ya sauya mata take zuwa mai zafin da aka san ta da shi. Daga cikin wannan damuwa ya fito da bayanansa na 1969 kan tsararren rubutun manhaja, waɗanda suka shiga littafin da ya wallafa a 1972 tare da Hoare da Ole-Johan Dahl ɗan Norway. A shekarar aka ba shi lambar Turing.

Alƙalami da harshe mai kaifi

A 1973 kamfanin Burroughs na Amurka ya ɗauke shi mai bincike, ya bar shi ya yi aiki daga ɗakin karatunsa a ƙauyen Nuenen kusa da Eindhoven. A 1974 ya wallafa maƙala kan tsarin na'urori da yawa da ke iya dawo da kansa kan daidai ko daga wane irin rikici ya fara, ba tare da shugaba ɗaya ba. Kusan shekara goma ba wanda ya kula da ita, sai da Leslie Lamport ya ɗaga ta a wani taro a 1983. A 1984 ya koma Jami'ar Texas da ke Austin, ya koyar har ya yi ritaya a 1999.

Mafi yawan tunaninsa yana cikin wasu takardu da yake sa wa lamba bayan haruffan sunansa, EWD, waɗanda suka haura 1,300. Da farko da tafireta yake buga su, daga baya ya koma rubutun hannu da alƙalamin tawada na Montblanc. Sai ya yi kwafi ya aika wa abokai kaɗan ta gidan waya, su ma su yi kwafi su aika gaba. Mutumin da ya tsara yadda kwamfuta za ta riƙe ayyukanta bai mallaki tasa ba sai can a ƙarshen rayuwa, ita ma domin imel da duba intanet. Ba shi da talabijin, ba shi da wayar hannu. Fiyano yake kaɗawa, yana son Mozart. Jarrabawar ƙarshe da baki yake yi wa ɗalibai, ɗaya bayan ɗaya, ana shafe sa'o'i.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. A wata takarda ta 1975 ya yi kaca-kaca da harsunan COBOL, BASIC, FORTRAN da APL, har yana nuna cewa koyon wasunsu yana lalata tunanin ɗalibi. Ya raina kwamfutocin IBM samfurin 360 da suka mamaye kasuwa a zamaninsa, ya kuma riƙa sukar yadda jami'o'in Amurka ke biye wa buƙatun kamfanoni. A nan akwai inda ya wuce gona da iri. Miliyoyin mutane sun fara da BASIC sun zama ƙwararru, kuma burinsa na a tabbatar da kowace manhaja ta hanyar hujjar lissafi bai zama al'adar masana'antar ba. Sai a wurare irin su jiragen sama da jiragen ƙasa, inda kuskure ke nufin rai, ake ɗaukar wannan wahala.

Game da rige-rige kuwa, abubuwan da suka faru sun tsaya masa shaida. Tsakanin 1985 da 1987 na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima a lokuta shida da aka sani a Amurka da Kanada, wasu suka mutu. Cikin dalilan da bincike ya gano akwai rige-rige tsakanin ayyukan manhajarta, wanda ke bayyana idan ma'aikaci ya gyara bayanai da sauri sosai. A watan Yuli na 1997 na'urar Pathfinder da Amurka ta saukar a duniyar Mars ta riƙa kashe kanta tana sake tashi. Wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ne ya riƙe makulli, babban aiki yana jiransa, matsakaitan ayyuka kuma suka hana ƙaramin samun furosesa balle ya saki. Injiniyoyi suka maimaita matsalar a kan kwafin na'urar da ke ƙasa, suka aika gyaran da ke ara wa mai riƙe da makulli matsayin wanda ke jiransa. Makullin nan jikan simafo ne, kuma lamarin ya nuna cewa shi ma yana da nasa tarkon.

A watan Fabrairu na 2002, yana fama da cutar daji, ya koma gidansa na Nuenen tare da matarsa. A wannan shekarar wani taron masana tsarin na'urori masu haɗin gwiwa ya karrama maƙalarsa ta 1974. Ya rasu ranar 6 ga Agusta, 2002 yana da shekara 72, ya bar mata da 'ya'ya uku. A shekarar da ta biyo baya aka sauya wa waccan lambar yabo suna zuwa nasa. Jami'ar Texas ta ɗora takardunsa na EWD a intanet, da yawansu da rubutun hannunsa kamar yadda ya bar su, kowa yana iya karantawa kyauta.